Obin ɗina yana rubuta F3 yana kashe kansa: sensa ce ta mutu ko wani abu ne daban?

Maman Walida (Gesse, Birnin Kebbi):
Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani a kan obin ɗina na lantarki, irin wanda ake sawa a cikin kanta mai allon lambobi a gaba, wanda da shi nake gasa kek da mitfai na sayarwa yau shekara 4. Tun ranar Lahadi ya tsiri wani hali. Idan na kunna shi na sa digiri 180, yana ɗaukar zafi lafiya lau, amma da an yi kamar minti 20 zuwa 25 sai ya yi ƙara, ya rubuta F3, ya yanke wuta, kek yana ciki bai gama tashi ba. In na bar shi ya huce, sai ya sake kamawa kamar ba abin da ya faru. Takardar da ya zo da ita ta ce lambar tana nufin matsalar ma'aunin zafi. Jiya na kira mai gyara, ya kwance wani siririn ƙarfe mai kama da fensir daga bangon ciki, ya ce ita ce sensa. Ya auna ta da mitarsa ta nuna 1148, ya duba a wayarsa ya ce 1080 ya kamata ta nuna, saboda haka ta mutu, sai an aiko da sabuwa daga Kano, in kuma ba ta yi ba to bod ne za a canja, wato allon lantarkin da yake sarrafa obin. Ina da kek ɗin biki ranar Asabar ta sama, na riga na karɓi kuɗin mutane. Shin in ba da kuɗin sensar, ko akwai abin da ya kamata a fara dubawa?

Anti Mai Kek (Argungu):
Wa alaikumus salam, Maman Walida, Allah ya kawo sauƙi. Ni dai kafin komai zan tambaye ki ƙarfin wutar da kike samu, domin nawa obin ya taɓa yi mini irin wannan wahala a lokacin zafi, da kowa ya kunna fanka da firji wuta ta yi sanyi. Ki lura ko da yamma ne yake yankewa. Idan haka ne, sitabilaiza babba kike buƙata, ba sensa ba.

Maman Walida:
Na gode Anti. Na yi wannan tunanin, shi ya sa na gwada shi da asuba lokacin da wuta take da ƙarfi, na kuma gwada da babban janaretan gidanmu. Duk ɗaya ne, minti 20 da ɗoriya sai F3.

Malamin Lantarki (Jega):
Assalamu alaikum. Hajiya, kada ki ba da kuɗin nan tukuna. Lambar da mai gyaran ya gani, a fahimtata, shaida ce cewa sensar tana da rai, ba shaidar mutuwarta ba, kuma zan yi bayani dalla-dalla domin wasu ma su amfana.

A cikin wannan siririn ƙarfe akwai ɗan ƙaramin sinadarin filatinam, wanda yake ƙara tauye wa wuta hanya gwargwadon yadda ya yi zafi. Wannan tauyewa ita muke aunawa da om. Wani nau'i da ake yawan samu a obin masu allon lambobi shi ne wanda ake kira PT1000, ma'ana yana nuna om 1000 daidai idan yana cikin sanyin ƙanƙara, wato digiri 0, sannan kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa kusan om 3.9. Ita 1080 da ya karanta a waya gaskiya ce, amma lissafi ne na ɗakin da zafinsa yake digiri 21, irin ɗakunan Turai da Amurka inda aka rubuta bayanin. Kicin a Birnin Kebbi cikin watan Afrilu da rana tsaka, ga rufin kwano, ba digiri 21 ba ne. Idan zafin kicin ɗinki ya kai digiri 38, lissafi ya nuna sensa mai lafiya za ta ba da kusan 1148, idan ya kai 40 kuma kusan 1155. Kin ga ke nan abin da mitarsa ta faɗa shi ne zafin garinmu, ba ciwon sensa ba.

Akwai kuma wata hujja ta biyu. Ko da a ce sensar ta kauce da om 70, abin da zai faru shi ne obin ya riƙa kuskuren zafi da kamar digiri 18, kek ya ƙi nuna a kan lokaci, amma ba zai rubuta lambar matsala ba. Bod yana rubuta irin wannan lamba ne idan abin da yake karantawa ya fita daga hankali gaba ɗaya: ko hanya ta yanke ya ga kamar babu sensa, ko wayoyin biyu sun haɗe ya ga kusan sifiri.

Mai Gyara (Bayan Kara):
Malam, Allah ya ƙara sani, lissafinka ba gardama a kansa. Sai dai ina so a yi wa ɗan uwana mai gyara adalci. Mu da muke wannan aiki kullum mun sha ganin sensa tana ba da lamba mai kyau tana sanyi, amma da ta ji wuta sai ta buɗe, domin tsagewar tana can ciki inda ido ba ya gani, ƙarfe ya buɗa da zafi sai ta rabu, ya huce sai ta koma. Abin da Hajiya ta bayyana, na yankewa bayan minti 20, ya yi daidai da wannan. Wataƙila dalilin da ya ba ta ba daidai ba ne, amma hukuncin da ya yanke yana iya zama daidai. Kuma a cikin kayan obin sensa tana daga cikin masu arha, shi ya sa muke fara canja ta.

Malamin Lantarki:
Gaskiya ka faɗa, Maigida, kuma ban kore wannan ba. Inda muka rabu shi ne, abin da yake buɗewa da zafi ba sensa kaɗai ba ce. Tsakanin sensa da bod akwai wayoyi biyu da mahaɗin da kuke kira konekta, wani lokaci har biyu, ɗaya a bayan obin ɗaya a jikin bod, kuma duk suna shan zafi. Konekta da ya saki ko ya yi tsatsa yana yin wannan hali sak, kuma bod ba shi da hanyar bambance ko sensa ce ta yanke ko wayarta, lamba ɗaya zai rubuta. Idan aka jira kwana 4 ko 5 sensa ta zo daga Kano aka ɗaura ta a kan konekta mai ciwo, an yi asarar kuɗi da kwanaki, sannan a ce mata bod ne, wanda shi ne mafi tsada a jikin obin. Gwajin da zai raba gardama ba zai ci awa ɗaya ba.

Baba Alhaji (Yauri):
Kafin ku shiga maganar gwaji, bari in sa baki a matsayina na dattijo. 'Yata, duk wanda zai taɓa bayan obin nan, a tabbata an zare filogi daga bango, in kuma an haɗa shi kai tsaye ne a kashe birekarsa a kuma gaya wa mutanen gida kada wani ya mayar. Kashe shi daga maɓallin gaba bai isa ba, wuta tana nan a kan bod. Kada kuma a dogara da cewa an ɗauke wuta, domin ana iya dawo da ita hannun mutum yana ciki. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, tana kisa.

Maman Walida:
In sha Allah Baba, za a kiyaye. Malam, ƙanena yana karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha, yana da mita, kuma zai zo gobe da safe. Don Allah ka faɗi abin da zai yi ɗaya bayan ɗaya, zan nuna masa saƙon.

Malamin Lantarki:
To madalla. Bayan ya yi abin da Baba ya ce, kuma obin ya kwana a sanyaye, ya fara da sa mitar a kan 2k, wato 2000, na ɓangaren om. Wannan yana da muhimmanci, domin idan ya bar ta a kan 200 za ta nuna 1 ita kaɗai a gefen hagu ko OL, mutum ya ɗauka sensa ta yanke alhali ma'aunin ne ya yi mata kaɗan. Ya haɗa bakunan mitar biyu da juna ya ga ta sauko kusa da sifiri, ya kuma tabbata batirinta ba mai rauni ba ne.

Sensar tana can saman bangon baya daga ciki, yawanci sukuru ɗaya ko biyu ne suke riƙe da ita. Idan ya kwance, ya jawo ta a hankali har konekta ya leƙo, kuma kafin ya raba shi ya ɗaura zare a wayar da ta yi cikin obin, don kada ta zame ta faɗa bayan bango. In konektan bai fito ta ramin ba, sai a zaro obin daga kanta a cire murfin baya. Ya auna tsakanin wayoyin sensar biyu ya rubuta lambar. Sannan ya auna tsakanin kowace waya da jikin ƙarfen sensar, a nan dole mita ta nuna babu hanya sam, in ta nuna wata lamba to sensar tana zuba wa jikin ƙarfenta wuta, ta lalace.

Sai gwajin da zai amsa maganar Maigidan Bayan Kara. Ya maƙala bakunan mita a wayoyin, ya tsoma kan sensar kaɗai a kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, ban da gindin da waya take fitowa. Bayan minti 2 ko 3 ya kamata ta sauko kusa da 1000. Ya cire, ya tsoma a ruwan da yake tafasa a kan wuta, ya kamata ta hau har wajen 1380 zuwa 1385. Abin lura ba lambar ƙarshe kaɗai ba ce, ya zuba ido a kan yadda take hawa: mai lafiya tana tafiya a jere ba tsalle, mai tsagewa kuwa za ta yi tsalle ko ta ɓace ta dawo. Yana cikin haka ya riƙa ɗan murza wayar a inda ta shiga ƙarfen.

Idan ta ci wannan jarrabawa, ya mayar da konekta, ya je can wajen bod ya zare soket ɗin sensar, ya auna daga nan. Lambar ta zama ɗaya da ta farko, bambanci kada ya wuce om 1 ko 2. Yana aunawa wani ya riƙa girgiza konektan da wayar a hankali.

Mai Gyara (Bayan Kara):
Tsarin ya yi. Abu biyu zan ƙara daga abin da hannu ya saba. Na farko, ruwan tafasa digiri 100 ne kawai, ita kuwa matsalar Hajiya tana zuwa ne a wajen 180, inda sensa za ta kai kusan 1685, saboda haka cin jarrabawar ruwa bai wanke ta ɗari bisa ɗari ba, ya dai rage zargi. Na biyu, ba kowane obin ne yake da PT1000 ba. Akwai masu PT500, waɗanda suke nuna rabin wannan lamba, akwai kuma masu nau'in NTC, su lambarsu dubbai ce masu yawa kuma sauka take yi idan zafi ya ƙaru. Na Hajiya tunda ya ba da 1148 mun san PT1000 ne, amma kada wani ya karanta wannan ya je ya yar da tasa sensar don ta nuna 570. Haka ma lambar F3, kowane kamfani da tasa ma'anar, a duba takardar obin.

Abban Khalil (Zuru):
Ni ina da shawara mai sauƙi tunda lokaci ya ƙure mata. Na ga wani mai gyara ya cire sensa ya sa ɗan rizisto, wato ɗan kayan lantarki mai tauye wa wuta hanya, a madadinta, lambar ta ɓace obin ya ci gaba da aiki. Me zai hana a yi mata haka ta fita kunyar masu biki, daga baya a gyara a tsanake?

Malamin Lantarki:
Abban Khalil, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma ina roƙon kowa a zauren nan kada ya aikata wannan. Rizisto lambarsa ba ta motsi. Idan aka sa mai om 1100, bod zai yi ta ganin obin yana digiri 26 har abada, saboda haka ba zai taɓa yanke wa elimen, wato ƙarfen da yake ba da zafi, wuta ba. Elimen mai wat 2000 ko fiye zai yi ta ci ba tsayawa a cikin kantar katako. In an yi sa'a ƙaramin makashin kariya da ke jikin obin ya yanke, in ba a yi sa'a ba gobara ce, ga yara a gida. Lambar F3 ba ita ce cutar ba, ita ce obin yake cewa ya daina ganin zafinsa don haka ya tsaya.

Mai Gyara (Bayan Kara):
A nan ina bayan Malam. Mu kan sa rizisto ne na 'yan daƙiƙoƙi don mu gane ko bod yana karatu daidai, muna tsaye a kansa, sannan mu cire. Wanda ya bar shi a ciki ya miƙa wa mai kaya ya ci amanar sana'a.

Abban Khalil:
Na fahimta, na kuma janye maganata. Allah ya saka da alheri da kuka yi bayanin dalili.

Anti Mai Kek:
Maman Walida, ko da gyaran zai ja lokaci kada hankalinki ya tashi a kan kek ɗin Asabar. Ki nemi wata 'yar uwa mai obin gas a unguwarku tun yanzu ki ajiye magana, in naki ya tashi shi ke nan. Sannan wata tambaya: kina shimfiɗa takardar alminiyam a ciki? Na taɓa ganin wadda ta liƙa ta har ta rufe sensar, gashinta ya rikice.

Maman Walida:
A ƙasan tire kawai nake sawa Anti, ba ta kai bango ba. Maganar obin gas kuma na riga na yi wa maƙwabciyata, ta amince.

Maman Walida:
Assalamu alaikum, ga sakamakon gwajin da ƙanena ya yi yau da safe, ina rubutawa yana faɗa mini. Da ƙarfe 8 sensar ta nuna 1124. A ruwan ƙanƙara ta sauko 1003, a ruwan tafasa ta hau 1381, kuma ya ce tafiyarta a jere take ba tsalle ko ɗaya, ko da ya murza wayar. Tsakaninta da jikin ƙarfe babu hanya. Amma da ya zaro obin ya cire murfin baya, sai muka ga abin da ya ba mu tsoro. Konektan roba ne fari, gefe ɗaya ya koma ruwan ƙasa ya ɗan narke, yana jingine da ƙarfen bayan obin a wani wuri da audugar da take tare zafi ta zaizaye, ga kashin ɓera a wajen. Da ya auna daga wajen bod mita ta nuna 1125, amma da na taɓa konektan da ɗan yatsa sai ta yi tsalle zuwa 1600 da wani abu, ta ɓace gaba ɗaya, ta sake dawowa. Ya ce zai yanke konektan ya haɗa wayoyin da dalma ya naɗe da salatif ɗin lantarki. Na ce ya dakata sai na tambaya.

Malamin Lantarki:
Alhamdu lillahi, kin yi daidai da kika dakatar da shi. Ku lura da 1124 da safe da 1148 da rana, sensa ɗaya ce, zafin ɗaki ne ya bambanta, kusan digiri 32 da 38. Shi kuma konektan, ɓera ya janye audugar, zafin bango ya riƙa dukan robar har ta yi laushi, bakin ƙarfen da ke ciki ya saki. Da sanyi yana ɗan taɓawa, in obin ya yi minti 20 wurin ya gasu sai ya rabu.

Amma kada a sa dalma da salatif. Dalmar da ake liƙin lantarki da ita tana narkewa tun wajen digiri 183 zuwa 190, kuma tana yin rauni tun kafin nan, salatif kuwa da robar waya ta gama-gari ba a yi su don zafin da ya wuce digiri 70 zuwa 80 ba. Abin da ake sawa shi ne mahaɗin tangaran mai sukuru biyu, irin wanda ake gani a jikin hita da manyan fitilu. Ya yanke har inda tagullar take da haske ba baƙi, ya ɗaure sosai, in waya ta gaza ya ƙara da mai rigar zaren gilashi ko silikon, ba wayar gida ba. Ɗaurin ya zama mai ƙarfi, domin duk om 4 da sakakken haɗi ya ƙara, bod zai ɗauka digiri ɗaya ne na zafi.

Mai Gyara (Bayan Kara):
Na sallama, wannan karon ba sensa ba ce. Hajiya, mahaɗin tangaran ana samunsa wajen masu kayan lantarki a babbar kasuwa, in ba a samu sabo ba masu gyaran hita da dutsen guga ba sa rasa shi. A gaya wa ƙanenki ya cike gurbin audugar da irin tata, wato audugar gilashi, kada a cusa tsumma ko soso ko kwali, kuma ya sa safar hannu domin tana ƙaiƙayi. Ya ɗaure wayar nesa da bango, ya bi sauran wayoyin da ido ko ɓeran ya ɗanɗana wata, musamman masu zuwa elimen da fankar da take sanyaya bod. Idan zai mayar da sensar, kanta ya tsaya a sarari kada ya taɓa bango ko ragar tire. Ramin da ɓeran yake shiga kantar ma a toshe shi, in ba haka ba zai dawo.

Baba Alhaji:
A kuma duba koriyar wayar nan mai ratsin rawaya ta kariya, a tabbata tana ɗaure a jikin obin kafin a rufe murfin.

Maman Walida:
Assalamu alaikum. An sa mahaɗin tangaran jiya da yamma, an cike audugar, wayar kariya ma tana nan daram Baba. Ƙanena ya sake aunawa daga wajen bod muna girgiza wayar, lambar ba ta motsa ba. Yau na kunna shi babu komai a ciki a kan 200 har awa ɗaya, sannan na gasa kek biyu a jere a kan 180, bai rubuta komai ba. Na kira mai gyaran na farko na gaya masa abin da aka samu, ya karɓa da kyau, har ya ce in tura masa lissafin da Malam ya yi na zafin ɗaki. Abin da ya rage mini shi ne ina ganin kamar saman kek ɗin ya fi yin ja da wuri fiye da da. Ko idona ne, ko gyaran ya canja wani abu?

Malamin Lantarki:
Mai yiwuwa ba idonki ba ne, Hajiya. Tun kafin konektan ya kai ga yankewa, yana iya yiwuwa ya daɗe yana ƙara 'yan om a kan na sensar, bod yana ganin obin ya fi yadda yake zafi, yana yanke wuta da wuri, ke kuma hannunki ya saba da wannan gashin. Yanzu 180 ɗinki ta koma 180 ta gaskiya. Hanyar tabbatarwa ita ce ki sami ɗan agogon auna zafi na cikin obin wajen masu kayan kek, ki rataye shi a tsakiyar raga, ki bar obin ya yi minti 20 bayan ya ce ya kai, ki karanta sau 3 ko 4, minti 5 tsakanin kowane karatu, ki ɗauki tsaka-tsaki, domin zafin obin hawa da sauka yake yi a kewayen lambar da aka sa. In ba ki samu ba kafin Asabar, sukari yana narkewa a wajen digiri 186: ki zuba cokali ɗaya a takardar alminiyam, a kan 175 bai kamata ya narke ba cikin minti 15, a kan 190 kuwa ya kamata ya narke.

Maman Walida:
Na gwada na sukarin yanzu Malam. A 175 yana nan fari, a 190 ya narke ya yi ruwan zuma. Kek ɗin biki zan sauke shi zuwa 170 in ƙara masa minti 5, kuma zan fara da ƙarami ranar Alhamis in ga yadda samansa zai yi.